"Was happened" da "was died": ina kuskuren yake?

Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ina neman taimako a kan abin nan da ake kira passive voice. Wata biyu ke nan muna kokawa da shi. Idan aka ba ni jimla aka ce in juya ta, ina juyawa daidai, wani lokaci ma in cinye tambayoyin duka. Amma da zarar na zauna zan rubuta wani abu nawa na kaina, sai komai ya kwance mini. Jiya na rubuta "The accident was happened at night", malaminmu ya ja layi a ƙarƙashin was. Na rubuta "My grandfather was died in 2015", nan ma ya ja. Ni kuwa a fahimtata, duk abin da ya sami mutum ba shi ya aikata ba, was ake sa masa. Kakana ai ba shi ya jawo mutuwarsa ba, zuwar masa ta yi. To ina kuskuren yake?

Bashir:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, abin ba shi da wuya, ƙa'ida ɗaya ce: be, sannan siga ta uku ta aikatau. Write, wrote, written, to written ɗin za ki ɗauka. Ki haddace jerin aikatau masu saɓa wa ƙa'ida, ki riƙa juya jimla ashirin kullum. Ni haka na yi, cikin wata guda ya zauna mini.

Ummi:
Yaya Bashir, ai ƙa'idar na bi. Ga was nan, happened kuma siga ta uku ce, died ma haka. Shi ya sa abin ya ɗaure mini kai.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ummi, Allah ya jiƙan kakanki. Hujjar da kika kawo ta nuna tunani kike yi, ba hadda kawai ba, don haka bari in ɗan tsawaita.

Mu fara da suna, don kada mu yi ta ɗauko na Turanci a kowane layi. A nahawun Hausa, wanda ya yi aiki shi ne aikau, wanda aikin ya faɗa wa kuma shi ne karɓau. Ni a aji nakan ce "salon aikau" idan jimla ta fara da mai aikin, "salon karɓau" kuma idan an ɗauko wanda aka yi wa aikin an kai shi gaba. To amsarki tana cikin sunan. Ba yadda za a kai karɓau gaba sai in tun farko akwai shi.

Aikatau iri biyu ne, so-karɓau da ƙi-karɓau. Kill so-karɓau ne, sai an kashe wani. Write ma, sai an rubuta wani abu. Amma die ba ya ƙetarawa kan kowa, happen ma haka, babu abin da za ki ɗauko ki kai gaba. Saboda haka "He died" da "The accident happened" ne daidai, ba was a ciki. 'Yan gidansu da ake yawan yi wa wannan kuskure su ne occur, arrive, fall, disappear, rise, exist da remain. Turanci ba ruwansa da ko mutum ya so abin ko bai so ba, ko shi ya jawo ko ba shi ba ne. Tambayarsa ɗaya ce: wannan aikatau yana ɗaukar karɓau?

Ga gwajin da zai taimake ki. Ki mayar da aikatau ɗin Hausa, ki sa "an" a gabansa da "shi" a bayansa. An kashe shi, ya yi. An gina shi, ya yi. An mutu shi, an faru shi, an iso shi, kunnenki da kansa zai ƙi karɓa. Abin da kunnenki ya ƙi a nan, galibi Turanci ma zai ƙi shi.

Nasiru:
Malam, to born fa? Kullum "I was born" ake cewa. Ni na ɗauka born da died tafiyarsu ɗaya, tun da a jere ake ganinsu a tarihin mutum.

Malam Habibu:
Nasiru, gwada mana. An haife shi, ya yi ko bai yi ba? Born daga bear ya fito, wato haifa, kuma akwai wadda ta yi aikin, ita ce uwa. Saurari yadda kai kanka kake faɗa: an haife shi a 1940, ya rasu a 2015. Hausa ta fara da "an" ta koma "ya" ba tare da kowa ya koya maka ba. Turanci ma haka: "He was born in 1940 and died in 2015."

Malama Rabi:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in ja kunne a kan gwajin, don kada a yi masa rabin riƙo. Kada a bar "shi" ɗin nan. In ka tsaya a "an" kaɗai za ka faɗa rami, domin "an" namu yana shiga ko'ina. Muna cewa an zo, an tafi, an tashi, ana ta dariya, an daɗe. Duk waɗannan ƙi-karɓau ne, kuma Hausa ce tsantsa. Dalili kuwa, "an" wakilin suna ne na wanda ba a ambata ba, yana zaune a gurbin aikau kamar yadda "ya" da "ta" suke zama. Jimlar ba ta juya ba, mai aikin ne kawai ya ɓuya. Shi kuwa Turanci juya jimlar yake yi gaba ɗaya. In za ka fassara "an tafi", sai dai ka ce "They have left" ko "People have left".

Sai wani abu da na daɗe ina lura da shi a wajen aikin fassara, game da happen. Muna da aikatau masu ƙarewa da wasalin u, waɗanda masu nahawu suke kira giredi na 7: gyara ya ba da gyaru, ɗinka ya ba da ɗinku, tara ya ba da taru. Mota ta gyaru, riga ta ɗinku. Waɗannan su ne mafi kusa da salon karɓau a harshenmu, don abin da aka yi wa aikin ne yake gaba. To faru ma a wannan gidan yake, daga fara ya fito, auku ma gidan ne. A ganina kunnen Bahaushe yana jin "ya faru" kamar "ya gyaru", sai hannu ya ɗauko was ba da sani ba.

Malam Habibu:
Wannan lura ce mai kyau, Malama, ban taɓa haɗa su haka ba. Abin da zan ƙara, ba mu kaɗai muke wannan kuskure ba. Masu koyon Turanci daga Japan da Sin da Koriya ma suna rubuta "was happened", kuma harsunansu ba su haɗa dangi da namu ba. Tunanin da Ummi ta faɗa ne yake kai kowa can: tun da wanda ke gaba ba shi ya yi ba, ai sai was.

Alhaji Garba:
Sallama gare ku. Ina ta karantawa, na ce bari in sa baki ko kaɗan. 'Yata Ummi, in kin taɓa nahawun Larabci, wannan babi ba baƙo ba ne a wurinki. Shi ne mabniyyun lil majhuli. Kataba, ya rubuta. Kutiba, an rubuta. Sai a share fa'ili, wato aikau, maf'uli, wato karɓau, ya hau kujerarsa, a kira shi na'ibul fa'ili. Abin da Malam Habibu ya kira kai karɓau gaba ke nan.

Inda Turanci ya rabu da mu duka shi ne yana iya korar mai aiki sannan ya dawo da shi ta baya da kalmar by. "The letter was written by Audu." Hausa ba ta da wannan ƙofa. In ka ce an rubuta wasiƙar, magana ta ƙare. In kana son sunan mutumin, sai ka ce Audu ne ya rubuta wasiƙar. Yanzu ina jin matasa suna cewa "an kama shi daga 'yan sanda", abin yana sosa mini rai ƙwarai, domin Turanci ne aka sa wa rigar Hausa. 'Yan sanda sun kama shi, shi ke nan. Ku koyi nasu da kyau, amma kada ku ɓata naku.

Ummi:
Na gode Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wallahi kutiba ɗin nan ya buɗe mini ido. Na gode Malam, na gode Malama.

Nasiru:
Ni kuma tawa matsalar daban ce. Ina shirin jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewa a Turanci, wani da yake duba mini rubutu ya ce in guji salon karɓau gaba ɗaya, wai alamar raunin rubutu ne. Manhajar da nake amfani da ita ma duk inda ta gan shi sai ta ja masa layi. To in haka ne, me ya sa muke shan wahalar koyonsa?

Zainab:
Wanda ya gaya maka haka bai taɓa rubuta rahoton ɗakin gwaje-gwaje ba. Mu kullum cikinsa muke: "The sample was heated to 80 degrees", "The mixture was filtered". Ba wanda ya damu da wa ya kunna wutar, abin da aka yi wa samfurin ake son sani. Gaskiya ne wasu mujallun kimiyya yanzu sun fi son a rubuta we, amma ko a cikinsu, in ka je sashen da ake bayanin yadda aka gudanar da gwaji, salon karɓau ne birjik.

Kuma kai da kake shirin IELTS, a kashin farko na rubutun masu neman karatu, inda ake shawartarka ka ɗauki kamar minti 20 ka rubuta aƙalla kalma 150, wani lokaci zane ake kawowa na yadda ake sarrafa wani abu mataki-mataki. Ta yaya za ka bayyana shi in ka guji salon karɓau? Za ka yi ta cewa the workers, the workers ne, alhali ba ko ma'aikaci ɗaya a zanen?

Malama Rabi:
Wannan shawara ta gujewa tana da asali, Nasiru. Marubucin Ingila George Orwell ya rubuta wata maƙala a 1946 kan siyasa da harshen Turanci, a cikin ƙa'idojin da ya bayar ya ce kada a yi amfani da salon karɓau a inda salon aikau zai yi. Daga irin wannan ne malamai da manhajoji suka ɗauka, amma suka yar da sharaɗin, wato "a inda zai yi". Shi kansa a jimlar farko ta maƙalar ya rubuta "it is generally assumed", kuma ya yi daidai, don masu wannan zato ba su da suna, jama'a ce kawai.

Abin da yake tsoro kuma gaskiya ne, ba zan musa ba. Ana fakewa da wannan salo a guje wa laifi. A watan Janairun 1987 shugaban Amurka Ronald Reagan, a jawabinsa na shekara-shekara ga majalisa, da ya zo kan badaƙalar sayar wa Iran makamai, ya ce "serious mistakes were made". An tafka kurakurai. Wa ya tafka? Jimlar ba ta faɗa ba. Mu ma mun san wannan, yaro in ya fasa kofi sai ya zo ya ce an fasa kofi. Amma laifin na mai ɓoyewa ne. Da salon aikau ma ana ɓoyewa: "Mistakes happened", ina mai laifi a nan? Kuma da salon karɓau ana iya nuna mutum da yatsa fiye da kowane salo: "The money was taken by the treasurer himself." Sunan ya zo a ƙarshe, inda nauyin jimlar Turanci yake sauka.

Malam Habibu:
Malama ta kawo mu inda nake son zuwa tun ɗazu, kuma shi ne dalilin da Ummi take cin tambayoyin juyi amma rubutunta yake kwancewa. Atisayen "juya wannan jimla" yana koya wa ɗalibi cewa jimlolin biyu abu ɗaya ne, duk wadda ka ga dama ka ɗauka. Ba haka ba ne. Ku dubi waɗannan:

"Alexander Fleming discovered penicillin in 1928."
"Penicillin was discovered by Alexander Fleming in 1928."

Labari ɗaya ne, amma kowace da mazauninta. In kana ba da tarihin Fleming, an haife shi a Sikotilan, ya karanta likitanci a Landan, to ta farko ce za ta biyo baya, don shi ake magana a kai. In kuwa sakin layin a kan maganin ne, me yake kashewa, yaya yake aiki, ta biyu ce za ta zauna. Turanci yana son abin da mai karatu ya riga ya sani ya zo a farkon jimla, sabon labari ya zo a ƙarshe. Salon karɓau hanya ce ta riƙe abin da ake magana a kansa a gaba, ko da ba shi ya yi aikin ba.

Mu ma muna yin wannan, da namu kayan aikin. Maganin nan, Fleming ne ya gano shi. Kun ga mun ɗauko maganin mun ajiye a gaba. Buƙatar ɗaya ce, hanyar ce ta bambanta.

Shi ya sa jimloli irin "The ball was kicked by me" da ake cika littattafan atisaye da su suke ba ni takaici. Nahawunsu daidai ne, amma da wuya ka ji mai harshen ya faɗe su. Mafi yawan jimlolin salon karɓau a rubutu na gaske ba su da by ɗin ma sam. "The Suez Canal was opened in 1869." Ba wanda ya tsaya neman wa ya buɗe.

Bashir:
Malam, da girmamawa, a nan ban yarda da kai duka ba. Kana magana kamar atisaye ba shi da amfani. Wanda bai san bambancin being da been ba, ko ka yi masa bayanin abin da ya kamata ya zo gaba har gobe, zai rubuta "The road is been repaired". Wanda bai san siga ta uku ta steal ita ce stolen ba, zai rubuta "was stealed". Wannan ba hikima ke gyara shi ba, maimaici ne. Sai hannu ya saba kafin kai ya yi zaɓi. Ni ban raina hadda ba, ita ta kawo ni inda nake.

Malam Habibu:
Ka yi gaskiya Bashir, kuma ban ce a daina ba. Ba a gini ba tubali. Abin da nake ƙi shi ne a tara tubalin a ce an gama gida. In ma za a yi atisayen, ni na fi son a fara daga Hausa maimakon daga wata jimlar Turanci, don a nan lokutan suke fitowa fili. Ana gina gidan, "is being built". Za a gina, "will be built". Akan gina, "is usually built". Dole a gina, "must be built". Ba a gina ba tukuna, "has not been built yet". Aikatau ɗin bai motsa ba, built ne daga farko har ƙarshe, be ne yake ɗaukar duk nauyin lokaci. Being yana bin is, are, was, were, yana nufin ana cikin yi. Been yana bin has, have, had.

Wurin da ya fi tsauri a gare mu shi ne "an gina", don a Turanci ya rabu biyu. In ka faɗi lokacin da ya wuce, a 1990, bara, jiya, to "was built". In ba lokaci kake nufi ba, kana cewa ne aikin ya kammala ga shi nan, to "has been built". Don haka "It has been built in 1990" kuskure ne.

Wani ɗan tarihi, don Bashir ya ga ƙa'idar da muke haddacewa ma tana da shekarun haihuwa: wannan siga ta "is being built" ba ta bayyana a Turanci ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 18. Kafin nan "The house is building" suke cewa, suna nufin ana gina gidan. Masu nahawu na ƙarni na 19 sun yi ta sukar sabuwar sigar, suna ganin ɓata harshe ce, yau kuma ita ce daidai.

Ga guda shida, duk mai so ya gwada. Kada a ɗauka duka salon karɓau suke so.

1. An ba ni littafi.
2. An sace mata waya.
3. Kofin ya fashe.
4. An yi masa tiyata jiya.
5. An bayyana mini ƙa'idar.
6. Ana cewa ya iya harsuna biyar.

Ummi:
Bismillah.
1. I was given a book.
2. She was stolen her phone.
3. The cup was broken.
4. He was operated yesterday.
5. I was explained the rule.
6. Wannan ban san ta inda zan kamo ta ba.

Nasiru:
Ta shida ina jin "It is said that he speaks five languages" ce. Ta biyu kuma ni "Her phone was stolen" zan ce, amma ba zan iya faɗin dalilin da ta Ummi ba ta yi ba, tun da ta farko ta yi.

Malama Rabi:
Bari in ɗauki wasu kafin Malam ya dawo. Nasiru, duka biyun naka sun yi. Ta shida tana da wata sigar, "He is said to speak five languages", wadda za ka riƙa gani a jaridu tare da is believed to, is thought to, is reported to.

Dalilin da kake nema shi ne wannan. Give yana ɗaukar karɓau biyu kai tsaye, mutum da abu: "They gave me a book." Don haka kowannensu yana iya zuwa gaba, "I was given a book" ko "A book was given to me", kuma ta farkon ce aka fi ji. Send, offer, tell, show, teach, lend, promise duk haka suke. Steal kuwa abin da aka ɗauke kaɗai yake riƙewa. In kika ce "She was stolen", ita aka sace ke nan, Allah ya kiyaye. In mutumin kike so a gaba, sai ki canza aikatau: "She was robbed of her phone", ko ki ce "She had her phone stolen".

Abin da ke jawo mana wannan shi ne "mata", "mini", "masa". A Hausa kusan kowane aikatau yana karɓarsu: an sace mata, an gyara mata, an bayyana mata. Sai mu zaci duk inda aka ce "an yi mini", Turanci zai ce "I was". Explain bai yarda ba, ba a cewa "explain me the rule", sai da to. Saboda haka "The rule was explained to me". Suggest da describe ma haka suke.

Malam Habibu:
Malama ta gama da waɗannan. Ta huɗu, Ummi, kalma ɗaya ta ɓace. Ana cewa operate on someone, to on ɗin ba ya faɗuwa ko an juya: "He was operated on yesterday." Haka "She was laughed at", "The child was looked after". Zai yi miki kamar kalmar tana lilo ba abin da ta riƙe, amma wurinta ke nan.

Ta uku ita na fi so mu tsaya a kai. Hausa tana da jimla uku a nan, kowace da ma'anarta: an fasa kofin, kofin ya fashe, kofin a fashe yake. Ta farko wani ya yi. Ta biyu abin ya auku, ba a ɗora wa kowa ba. Ta uku hali ne da aka tarar da shi a ciki. "The cup was broken" tana iya zama ta farko, tana iya zama ta uku, sai abin da ke kewaye da ita ya nuna. Amma ta biyun da na tambaya, "The cup broke" ce. Break, open, close, melt, sink, boil, change, duk suna aiki ta fuska biyu, so-karɓau da ƙi-karɓau. "The door opened", ƙofar ta buɗe. "The door was opened", an buɗe ƙofar. A wannan wurin harshenmu ya fi nasu rarrabewa, don haka ki riƙa tambayar kanki da Hausa wacce daga cikin ukun kike nufi kafin ki rubuta.

Zainab:
Wannan na halin da abu yake ciki ya tuna mini da bored da boring. "I am bored", abin ya gundure ni. "I am boring", ni ce nake gundurar mutane. Interested da interesting, confused da confusing, tafiyarsu ɗaya. Mai ƙarewa da ed shi aka yi wa.

Bashir:
To get fa? Ina jin "He got arrested", "She got hurt" a finafinai. Na taɓa sa shi a takardar neman aiki aka ce in cire.

Malama Rabi:
Salon karɓau ne shi ma, amma na hira. Ya fi zuwa da abin da ya afka wa mutum, sau da yawa marar daɗi, ko da yake ana cewa "got promoted". Ba ya tafiya da aikatau na hali, ba a cewa "He got known by everyone" a ma'anar kowa ya san shi. A takardar aiki ka tsaya a kan be.

Alhaji Garba:
Malam Habibu, ka ba yarinyar nan aikin da za ta riƙa yi ita kaɗai. Ba kullum za ta same ku ba.

Malam Habibu:
To Alhaji. Ummi, ki ɗauki labari ɗaya na jaridar Turanci kullum, gajere. Ki ja layi a ƙarƙashin duk salon karɓau da kika gani, ki tambayi kowanne: me ya sa marubucin bai fara da mai aikin ba? Ba a san shi ba ne, ko kowa ya san shi, ko ba shi da muhimmanci, ko ɓoye shi ake yi, ko kuwa ana riƙe abin da ake magana a kai ne a gaba? Bayan haka ki rubuta sakin layi ɗaya naki kan yadda ake sarrafa wani abu, takarda, bulo, kwalba, duk abin da kika san matakansa. Jerin sigogin da Bashir ya ce kuma ki ci gaba da bitarsa, biyar a rana ya isa, amma kowanne ki sa shi a jimlar da za ki iya faɗa wa mutum da gaske.

Ummi:
Na gwada na kwalba yanzu, a duba mini don Allah.

"Old bottles are collected and taken to a factory. They are sorted by colour and washed. Then they are crushed, and the pieces are heated until they melt. The liquid glass is shaped into new bottles. When the bottles are cooled, they send to shops."

Da farko na rubuta "until they are melted", sai na tuna kofin Malam na goge. Amma "sorted by colour" tana ba ni shakka, don launi ai ba shi ya yi aikin ba.

Malam Habibu:
Madalla, jimla huɗun farko ba abin taɓawa. Ki lura kwalaben ne a gaba tun daga farko har ƙarshe, ba ki bar su sun kuɓuce ba. By ɗin da ya ba ki shakka daidai yake, ba kowane by ne yake kawo mai aiki ba, wannan yana nufin "bisa ga", an ware su bisa ga launi.

Jimlar ƙarshe ce take da gyara. "They send" ta mayar da kwalaben masu aikawa. Yi gwajin: an aika su, ya yi, to "they are sent to shops". Tsoron was ya sa kin cire shi a inda ake bukatarsa. Shi kuwa "are cooled", nahawunsa lafiya lau, amma ya danganta da abin da kike nufi. In sanyaya su ake yi da gangan, ki bar shi. In ajiye su ake yi su huce da kansu, "When the bottles have cooled" za ki ce. Wanne kike nufi, an sanyaya su ko sun huce?

Ummi:
Sun huce nake nufi, Malam. "When the bottles have cooled, they are sent to shops." Gobe in sha Allahu zan kawo na takarda. Yaya Nasiru, kai ma ka kawo naka mu gani.